Ta yaya ake bin sawun manyan kifaye masu farauta a gaɓar teku?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina karanta fannin kifi, kuma gidanmu gidan masunta ne a Yauri. Na sha jin ana cewa masana suna iya faɗin inda kifin shak ya wuni da inda ya kwana, har su ce ya yi tafiyar kilomita kaza. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne malaminmu ya ce GPS ba ya aiki a ƙarƙashin ruwa. To ta yaya ake bin kifin da ba a ganinsa? Kuma su waɗannan manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, suna da wurin zama ne, ko yawo kawai suke yi? Za a iya yin irin wannan aiki a gaɓar tekun Najeriya?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyi uku ka haɗa wuri guda: da me ake bin kifin, me aka gano game da zamansa da yawonsa, sannan ko abin zai yiwu a gida. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin wanda bai san yadda na'urar ke ji ba zai ɗauki duk taswirar da aka nuna masa a matsayin gaskiya tsantsa, alhali rabin aikinmu shi ne lissafin abin da na'urar ta kasa ji.

Malaminku ya yi gaskiya. Saƙon GPS igiyar rediyo ce da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam, ruwan gishiri kuwa yana haɗiye igiyar rediyo tun daga samansa. Abin da ke tafiya da kyau a cikin ruwa shi ne sauti. A teku yana gudun kimanin mita 1,500 a sakan ɗaya, ninki huɗu da ɗoriya na gudunsa a iska. Saboda haka masu bin sawun kifi a bakin gaɓa da kunne suke aiki, ba da ido ba. Tauraron ɗan'adam yana da nasa amfanin, zan zo kansa, amma ba shi ne ginshiƙin aikin ba.

Alamar roba, hanya mafi tsufa

Tun kafin a sami wata na'ura, masana suna kama kifi, su auna shi, su soka masa 'yar siririyar alamar roba kusa da fiffiken bayansa, mai ɗauke da lamba da adireshi, su sake shi. Ranar da wani ya sake kama shi ya kawo rahoto, an san wurare biyu ke nan: inda aka sake shi da inda aka kama shi. Abin da ya faru a tsakani, sai Allah.

Kada ka raina wannan hanya. Da ita aka warware wata tsohuwar gardama a ƙasar Nikaragua. Akwai shak a tafkin Nikaragua, tafkin da ruwansa na sha ne, kuma shekaru masu yawa ana ɗauka wani jinsi ne na daban da ya maƙale a can, har suna aka raɗa masa. Wani masani ɗan Amurka, Thomas Thorson na jami'ar Nebraska, ya shafe shekarun 1960 da 1970 yana saka wa waɗannan shak alama a bakin kogin San Juan, kogin da ya haɗa tafkin da tekun Karibiyan. Sai ga waɗanda aka yi wa alama a bakin teku suna bayyana a tafkin, wasu cikin kwana 7 zuwa 11, bayan sun haura kogin da ya kusa kilomita 200 har da wuraren da ruwa ke gudu a kan duwatsu. Ashe bijimin shak ne, Carcharhinus leucas, wanda jikinsa ke iya jure ruwan gishiri da ruwan daɗi, yana shiga yana fita abinsa.

A Afirka ta Kudu, cibiyar binciken teku ta ORI da ke Durban ta fara wani shiri a 1984 wanda masu fatsa na sha'awa suke saka alamar da kansu. Sun yi wa kifi sama da 300,000 alama, kuma kimanin shida cikin ɗari ne aka sake kamawa aka kawo rahoto. Kason kamar kaɗan ne, amma idan ka lissafa za ka ga kifi dubbai ne, kowanne da tarihin girmansa da nisan da ya yi. Babbar matsalar hanyar ita ce tana nuna maka inda masunta suke fiye da inda kifi yake. Inda babu mai jefa ƙugiya, babu rahoto.

Na'urar da ake ɗinkewa a cikin kifi

Wannan ita ce hanyar da na fi yin aiki da ita, a bakin kogunan lardin Kef ta Gabas a Afirka ta Kudu, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku. Kayan aikin biyu ne. Akwai 'yar na'ura mai fitar da sauti, doguwa, baƙa, ƙaramar ba ta kai ɗan yatsa ba, babbar kuma ta ɗan fi babban yatsa. Akwai kuma na'urar sauraro, mai tsawon kamar kamu ɗaya, wadda ake ɗaurewa a ƙarƙashin ruwa.

'Yar na'urar tana buga wasu ƙananan sautuka a jere, yawanci a kan kilohaz 69 (kilohaz ma'aunin kaifin sauti ne), wanda kunnen mutum ba ya ji tunda namu bai wuce kilohaz 20 ba. Tazarar da ke tsakanin bugun ita ce lambar kifin. Takan yi shiru na minti ɗaya ko biyu ta sake bugawa, kuma da gangan ake sa tsawon shirun ya riƙa sauyawa, don kada kifi biyu su riƙa yin magana a tare kullum. Ƙanana sukan yi watanni zuwa shekara guda ko biyu, manyan da ake saka wa shak suna iya kai shekara 10. Akwai waɗanda ake ƙara musu ma'aunin zurfi ko na zafin ruwa.

Saka ta aikin tiyata ne sosai. Idan kifi mai ƙashi ne, irin kob, wani babban kifin teku da zan yi bayaninsa a gaba, mukan sa shi a kwandon ruwa da aka ɗiga wa maganin sa barci, wasu man kanumfari suke amfani da shi, har ya daina daidaita kansa ya kife. Sai a kwantar da shi rigingine a kan jiƙaƙƙen soso, a sa masa tiyo a baki ruwa na bi ta wurin numfashinsa, a rufe masa ido da jiƙaƙƙen tsumma. A tsaga cikin kaɗan, santimita 2 ko 3, gefen tsakiya, a tura na'urar da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi ɗinki biyu ko uku. Daga nan wani ya shiga ruwa ya riƙe shi ta wutsiya yana fuskantar inda ruwa ke zuwa. Ba a sakinsa sai ya fizge da kansa. Shak ba ya buƙatar magani: idan aka juya shi rigingine a gefen jirgi yakan yi lakwas, a yi aikin yana cikin ruwa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada nauyin na'urar ya wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyin kifin. Kuma bayanan kwanakin farko mukan ajiye su gefe, domin kifin da ya fito daga tiyata ba halinsa na kullum yake nunawa ba.

Na'urar sauraro kuma ana ɗaure ta ne a jikin igiya, da nauyi a ƙasa, tsohon ƙarfen dogo ko kankare, da abin da zai ɗaga ta tsaye. Duk kifin da ya wuce kusa, takan rubuta lambarsa da rana da lokaci, shi ke nan. Mafi yawansu ba sa aiko da komai. Sai an je an ciro su, galibi bayan wata shida. Lokacin da za ka ciro ta ba za ka gane ta ba, gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo sun lulluɓe ta, wani lokaci har da ƙaguwa a maƙale. Ka kankare, ka haɗa ta da kwamfuta a nan cikin jirgi, ka kwashe bayanan, ka sauya batir, ka mayar.

Ka ɗauki kowace na'urar sauraro kamar shingen binciken motoci a kan titi: mai shingen ya san wace mota ta wuce da ƙarfe nawa, amma bai san inda direba ya tsaya cin abinci ba, wanda ya bi ta hanyar daji kuma bai taɓa ganinsa ba. Idan kana da shinge a wurare da yawa, sai tafiyar ta fara fitowa. Shi ya sa ƙasashe suka koma yin tarayya. A Afirka ta Kudu akwai tsarin ATAP, wanda cibiyar binciken halittun ruwa ta SAIAB da ke Makhanda ke kula da shi tun wajen 2011, na'urori a jere a kan gaɓar da ta fi kilomita 2,000, daga yankin Cape Town har Ponta do Ouro a kudancin Mozambik. Ostireliya tana da nata a ƙarƙashin IMOS, shirinta na lura da teku, sannan akwai haɗakar duniya ta OTN mai hedikwata a jami'ar Dalhousie a Kanada. Amfanin shi ne, kifin da na yi wa tiyata a wannan kogi idan ya wuce ta gaban na'urar wani a nisan kilomita 500, lambarsa za ta dawo gare ni.

Abin da shirun na'ura ke nufi

Nan ne sababbin shiga ke faɗawa rami. A takarda za a ce maka na'urar tana ji daga nisan mita ɗari biyar ko fiye. Gaskiya ne, a ranar da teku ta kwanta. Idan iska ta taso, igiyar ruwa na fashewa, kumfa ya cika ruwa, nisan yana iya raguwa zuwa mita ɗari ko ƙasa. Ruwan sama mai ƙarfi yana toshe ta. Injin jirgi ma haka. A kan duwatsun ƙarƙashin ruwa akwai wasu ƙananan jatan lande masu ƙyasta ƙafa, kuma hayaniyarsu takan ƙaru da dare. To ka ga idan ka duba bayanai ka ga ana jin kifi da rana ba a jinsa da dare, kana iya rubuta cewa kifin yana fita farauta da dare, alhali yana nan daram, kunnen na'urar ne ya toshe.

Maganin wannan shi ne a ɗaure wata 'yar na'urar sauti a wuri guda, wadda ba ta cikin kowane kifi, a nisan da aka sani. Ita ba ta motsi. Idan ita ma aka daina jinta da dare, ka san laifin ruwa ne. Idan ana jinta amma kifi ya ɓace, to kifin ya tafi da gaske. Ni dai duk rahoton da ya yi maganar dare da rana bai ambaci wannan gwaji ba, da taka-tsantsan nake karanta shi.

Akwai kuma kifin da ya mutu ko ya zubar da na'urar kusa da wurin sauraro. Za ka ga lamba ɗaya ana jinta ba dare ba rana, wata da watanni, a na'ura guda, zurfin bai sauya ba. Wanda bai lura ba sai ya ce ya samu kifi mai son gida. Akwai wanda wani babba ya haɗiye: ƙaramin kifin da ya saba yawo a hankali cikin kogi, kwatsam sai ka gan shi yana keta kilomita da yawa a bakin teku cikin 'yan sa'o'i. Ba shi ba ne, shak ɗin da ya cinye shi kake bi, har ranar da na'urar za ta fita daga cikinsa. Idan kuma lamba ta ɓace gaba ɗaya, dalilan suna da yawa: ƙaura, ko ƙarewar batir, ko tukunyar wani masunci. Na'urar ba za ta bambance maka su ba.

Sai ƙarancin adadi. Kowace 'yar na'ura ɗaruruwan daloli ce, ta sauraro kuma ta haura dala dubu, ban da kuɗin mai da jirgi da masu nutso. Saboda haka bincike da yawa a kan kifi ashirin ko talatin aka gina su. Kuma waɗanne kifi ne? Waɗanda suka yarda suka ciji ƙugiya, a wurin da jirgi ke iya zuwa. Mai wayo da mai tsoro ba su shiga lissafi ba.

Tauraron ɗan'adam

Idan kifi ya bar gaɓa ya shiga tsakiyar teku, babu na'urar sauraro a can. Nan ake komawa ga tauraro, ta hanya biyu. Shak ɗin da ke yawan fito da fiffikensa sama ana ɗaura masa na'ura a kan fiffiken. Da zarar ta fito iska sai ta aika saƙo ga taurarin Argos, a san inda yake. Irin waɗannan ne kake gani a taswirorin da ke yawo a intanet. Ɗaya hanyar kuma na'ura ce da ake soka wa kifi da ɗan zare, tana rubuta zurfi da zafin ruwa da hasken rana, har ranar da aka tsara sai ta tsinke ta taso sama ta aiko da abin da ta tara. Daga lokacin fitowar rana da faɗuwarta ake ƙiyasta inda kifin ya bi, kuma kuskuren yana iya kai kilomita ɗari ko fiye. A tsakiyar teku wannan ba komai ba ne. A bakin kogi kuwa ba shi da amfani.

Mafi shahara a wannan fanni wata macen farin shak ce da aka raɗa wa suna Nicole. Ramón Bonfil da abokan aikinsa suka saka mata na'ura kusa da Gansbaai a Afirka ta Kudu a Nuwamban 2003. Cikin kwana 99 ta isa gaɓar yammacin Ostireliya, nisan kimanin kilomita 11,000, a can na'urar ta taso, kuma ta nuna Nicole ta nutsa har zurfin mita 980 a hanya. A Agustan 2004 aka sake ganinta a Gansbaai, aka gane ta da hoton fiffikenta. Ka lura, komawar tata ba na'ura ce ta tabbatar ba, kyamara ce da idon mutum. Aikina bai shafi na'urorin tauraro kai tsaye ba, abokan aiki ne ke yi, amma ra'ayina shi ne labaransu sun fi daɗin ji, bayanan bakin kogi kuma sun fi amfani ga mai son kare kifi.

Suna da gida ko yawo suke?

Amsar a taƙaice: suna da wurare, kuma suna da lokuta. Yawon banza kaɗan ne a rayuwarsu. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan aiki ba nisan tafiyarsu ba ne, yadda suke komawa wuri ɗaya ne shekara bayan shekara.

Ɗauki kob, Argyrosomus japonicus, ɗan'uwan kurokar da ake sayarwa a kasuwannin Legas. Yana iya wuce kilo 70, amma shekarunsa na farko a bakin kogi yake yin su, kuma ba ya balaga sai ya kai tsawon kimanin mita ɗaya, yana da shekara 5 ko 6. Teku tana cikowa ta janye sau biyu a yini, kuma binciken da aka yi a bakin kogin Great Fish ya nuna ƙananan kob suna bin wannan motsi: su haura kogi idan ruwa na shigowa, su gangaro idan yana fita, ruwan ne ke ɗaukar nauyin tafiyar. A kogin Sundays kuma aka ga ba dukansu ne halinsu ɗaya ba: akwai masu zaman kogi da ƙyar suke leƙa teku, akwai masu zaman bakin teku da ke shiga koguna jefi-jefi. Wannan ya bayyana abin da ya sa kob ya shiga uku. Kifin da ke zaune a kogi guda shekara da shekaru, a wurin da kowa ke iya zuwa da ƙugiya, ana gama da shi tun kafin ya yi ƙwai ko sau ɗaya. Tun a shekarun 1990 aka ƙiyasta cewa manyan kob masu haihuwa a Afirka ta Kudu sun ragu zuwa ƙasa da kashi biyar cikin ɗari na yadda suke a da.

Sai wani ƙaton mafarauci, Caranx ignobilis, da masu fatsa a can ke kira kinfish, mai kaiwa kilo 80. Ryan Daly da abokan aikinsa sun saka wa wasu na'ura a Ponta do Ouro, inda dubbansu ke taruwa a ƙarshen shekara, lokacin bazarar can, musamman idan wata ya cika. Bayan taron sai suka watse, wasu suka gangara gaɓar Afirka ta Kudu, har akwai wanda ya yi sama da kilomita 600, sannan da lokaci ya zagayo suka koma wurin taron. Ma'anar wannan ga hukuma a fili take: kifin da ake kamawa a gaɓar wata ƙasa, haihuwarsa tana rataye da wani ɗan wuri a wata ƙasar, kuma jirgi guda mai babban taru zai iya yi musu mummunar ɓarna a dare ɗaya.

Ƙananan shak ma suna da wurin reno. Michelle Heupel ta bi 'ya'yan wani shak mai baƙin bakin fiffike a mashigin Terra Ceia a jihar Fulorida. Suna zaune a lungun mashigin, inda ruwa ba zurfi kuma manyan shak ba su cika shiga ba. A Satumban 2001, sa'o'i kafin guguwar Gabrielle ta iso, dukan 13 da ake ji a lokacin suka fice zuwa ruwa mai zurfi, bayan ta lafa suka dawo. Abin da ya fi dacewa da lokacin ficewarsu shi ne faɗuwar nauyin iska, ba ruwan sama ko ƙarfin iskar ba. Heupel ce kuma daga baya, tare da abokan aikinta, ta kafa sharuɗɗa uku kafin a kira wuri gidan reno: a fi samun 'ya'yan a wurin fiye da sauran wurare, su daɗe a cikinsa, kuma a riƙa amfani da shi shekara bayan shekara. Kafin haka duk inda aka kama ɗan shak sai a ce gidan reno ne.

Me ke motsa su? Abinci da haihuwa, wannan kowa ya sani. Zafin ruwa yana da ƙarfi ƙwarai: a gaɓar Kef ta Gabas iska takan taso da ruwan sanyi daga ƙasa, zafin teku ya faɗi cikin yini ɗaya, sai ka ga lambobi na shigowa koguna neman ɗumi. Yawan gishiri ma haka, musamman ga 'ya'yan bijimin shak da suka fi son ruwa tsaka-tsaki. Shi kansa babban bijimin shak ba baƙo ba ne a kogi: a Janairun 2009 an kama wata mace mai tsawon mita 4 a kogin Breede na Afirka ta Kudu, aka saka mata na'ura, aka bi ta da jirgi tana kai da komo a cikin kogin da mutane ke wanka. Sannan akwai tsoro, domin mafarauci ma yana da mai farautarsa. A 2017 gawar farin shak biyar ta fito gaɓar Gansbaai, huɗu an cire musu hanta, aikin wasu dabbobin teku biyu da ake kira oka. Na'urori suka nuna sauran farin shak sun bar yankin, wasu na makonni, wasu na watanni.

Duk da haka, na'ura ba ta faɗin dalili. Tana cewa kifi kaza ya iso wuri kaza a lokaci kaza. Cewa ya zo ne don ƙwai ko don abinci, wannan sai an haɗa da wasu hujjoji: a duba cikin waɗanda aka kama, a nutsa a gani, a tambayi masunta.

A gaɓar Najeriya

Zai yiwu, kuma akwai kifin da ya cancanta. Gaɓarmu ta kai kimanin kilomita 853, da tafkunan Legas a yamma da dubban mashigai a yankin Neja Delta, inda dajin itatuwan ruwan gishiri mafi girma a Afirka yake. Akwai barakuda, da tafon, da shaininos, da kuroka, da shak iri-iri. Akwai kuma cibiyar NIOMR a Victoria Island, wadda binciken teku ne aikinta.

Yanayin wurin ma yana da wata fa'ida. A buɗaɗɗiyar gaɓa kana buƙatar na'urori masu yawa kafin ka tare hanya. A mashigi mai ƙunci, biyu sun isa: ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje, wadda ta fara ji ita ke nuna maka ko shiga kifin ya yi ko fita. Tafkin Legas ta mashigar tashar jiragen ruwa yake haɗuwa da teku, kuma gishirinsa yana raguwa ƙwarai da damina ya ƙaru da rani. Tambaya mai kyau a nan ita ce: idan ruwan sama ya wanke gishirin, barakuda da tafon fita suke yi, ko suna da lungun da suke fakewa? Matsalar ita ce wannan mashigar hanyar manyan jiragen ruwa ce, hayaniya ba ta ƙarewa. Ga masu jan taru da za su iya kwashe na'ura, ga masu ganin ƙarfe su ɗauka. A ko'ina a duniya ana asarar na'urori, kuma abin da na ga yana rage asarar shi ne masuntan wurin su san abin da aka ɗaure, su san amfaninsa, ɗaya daga cikinsu ya zama mai kula da shi ana biyansa.

Da ni za a tambaya, ba da na'urar sauti zan fara ba. Zan fara da zama da tsofaffin masunta a rubuta wane kifi ke zuwa ina a wane wata, domin su za su nuna maka inda za ka ɗaure na'urar. Sai alamar roba mai lambar waya, da ɗan tukuici ga wanda ya kira. Sai dutsen kunne. A cikin kan kowane kifi mai ƙashi akwai wasu fararen duwatsu, na kuroka manya ne, mai gyaran kifi ya san su. Suna girma ne zobe-zobe tsawon rayuwar kifin, kuma suna ɗaukar sinadaran ruwan da ya zauna a ciki: ruwan teku ya fi yawan sinadarin sitirontiyam, ruwan kogi kuma galibi ya fi bariyam. Idan aka yanka dutsen aka auna daga tsakiya zuwa baki, za a ga lokacin da kifin ya yi a kogi da lokacin da ya koma teku. Awon yana buƙatar babban ɗakin gwaji, amma tara duwatsun ba ya cin komai sai ambulan da biro, kuma suna shekaru ba su lalace ba.

Kai da kake Yauri ma ba sai ka jira teku ba. A ruwan daɗi igiyar rediyo tana aiki, matuƙar kifin bai yi zurfi sosai ba, shi ya sa a kogin Zambezi ta ɓangaren Namibiya aka bi tsage da na'urar rediyo, ana bin su da eriya daga cikin jirgi. Tambayar da ka yi a kan shak tana nan a kan giwan ruwa da tsage tsakanin Yauri da tafkin Kainji: ina suke idan ruwa ya cika, ina suke komawa idan ya janye. Cibiyar NIFFR mai binciken kifin ruwan daɗi tana New Bussa, kusa da ku, can ya kamata ka fara kai wannan magana. Idan kuma wata rana kuɗin na'urar sauti ya samu, kafin a tsaga cikin kifi ko ɗaya, a ɗaure na'urar sauraro, a ja 'yar na'ura a nisan mita 50, 100, 200 har inda za a daina jinta, a yi haka da damina a sake yi da rani, sannan a yanke shawarar tazarar da za a bari tsakanin na'urorin.